Mai Masaukinmu na Lome

Shekara guda ke nan da dawowata daga Lome, amma har yau ba a bar ni na sha ruwa da daɗi ba. In na zauna a bencin kwata, Salisu ba mu labarin otel. In na fito masallaci ina laluben takalmi, Salisu wai da gaske akwai ɗakin da ke hawa sama da mutane? Har Ladi mai koko, wadda ba ta taɓa wuce Tanjuware ba, kullum sai ta tsayar da ludayi ta tambaye ni ko ruwan teku na da gishiri. Yana da shi, Ladi, har ya yi yawa. Na kuma san ba gishirin ne ya dame ku ba. To yau zan ba da labarin daga fita har dawowa, har da wuraren da na saba tsallakewa, kuma wanda ya sake tambayata bayan wannan da bayan wuƙa zan amsa masa.

Ga wanda bai san ni ba, mahauci ne ni a Zangon Dapango, ɗan mahauci. Na yi lakwal, makarantar boko ta faransanci, har aji shida kafin babana ya ce ya isa haka, shi ya sa duk takardar faransanci da ta shigo unguwa ƙofarmu take nema. A lokacin ƙasa ta rikice. Mutanen da shekara da shekaru ba su iya ko tari a gaban jandarma duk sun sami baki, kowa na taro, rediyo kuma na watsa abin da ake faɗa a zauren taro kai tsaye. Mun ga abin mamaki da idonmu. Babban mutum in aka ambaci sunansa da safe, kafin la'asar ya mayar da gonar da ya ƙwace, har da aiko gaisuwa.

Mu ma muna da namu ciwon. Wani babban mutum, mu ce masa Mai Siminti don ba na son sunansa a bakina, ya wayi gari ya kafa duwatsun iyaka a rabin maƙabartar Zango. Wai fili ne da aka ba shi da takarda, zai gina ma'ajiyar kaya, kuma da ruwa ya ɗauke zai ja katanga. Kabarin mahaifiyata na cikin rabin da duwatsun suka ci, gab da gindin dogonyaro.

Ana cikin haka sai ga gayyata. Taron wakilan kasuwanni da masu sana'a na ƙasa baki ɗaya, kwana uku a Lome, ci da kwana a kan masu taro, kuma za a sa a rediyo. Liman Malam Shitu ya tara jama'a bayan Juma'a, na rubuta kukanmu da ɗan faransancin da nake da shi, kowa ya dangwala yatsa, har tsofaffin da sai da aka riƙo su. Liman ya liƙe ambulan da hannunsa, ya tofa masa addu'a, ya haɗa ni da zabi biyu da ƙunshin kilishi. Ya ce in bi ta Sokode in ɗauki kawuna Alhaji Bawa, yayan mahaifiyata, don irin wannan magana ba a aika mai ƙaramin gemu shi kaɗai. Abin da ake so guda ne, a ji maganar maƙabartarmu a rediyo kafin ruwa ya ɗauke.

Mun tashi da safe a wata tsohuwar motar haya, ambulan a ƙirjina cikin singileti, zabi a kwando bisa gwiwata. Direbanmu ɗan ƙabilar Moba ne, kuma mutum ne da ya fahimci siyasa fiye da duk waɗanda na gani a Lome. Kayan aikinsa biyu ne, bajo mai hoton shugaban ƙasa da reshen ganye. In ya hango shingen soja sai ya maƙala bajo a aljihu ya tura ganye ƙarƙashin kujera. In ya hango tayoyi da gungume na samarin adawa sai bajo ya shige hula, ganye ya hau gilashi, yatsu biyu su fita ta taga. Haka muka yi ta sauya aƙida har muka ƙetare gadar Oti. Bayan Mango ne, cikinsa ya cika da soyayyen kifi, gyangyaɗi ya ɗan taɓa shi, ya je ya ɗaga wa soja ganye.

Aka sauke mu duka aka jera a rana. Wani soja ya shafa ƙirjina ya ji takarda, ya tambayi mene ne. Na ce laya ce, ta ciwon farfaɗiya. Ya janye hannu ya goge a wandonsa. Kilishin Liman dai shi ya fanshe mu, rabinsa ya kwana a wannan shinge, kuma wanda ya karɓa har ya ce yaji bai ji ba.

Da la'asar muka shiga Sokode. Sai kun san Kawu za ku gane sauran labarin. Mai masauki ne na shanu, kamar ubansa da kakansa tun zamanin da fatake ke ratsawa da goro. Baƙo ya taso daga Burkina ko Nijar da garkensa, bai san kowa ba, sai ya sauka zauren Kawu. A ba shi ruwa, a ba shi ɗaki, a ba shi tuwo. In ya huta ya miƙa wa Kawu sandarsa da takardunsa ya ce shi ne uwa shi ne uba, shi ke nan aikinsa ya ƙare. Kawu ne zai nemo mai saye, shi zai je wurin sarkin kasuwa, shi zai tsaya gaban jandarma in magana ta taso. Baƙo ba ya koya wa mai masauki aikinsa, ba ya kuma bin sa yana tambayar ina aka kwana. A ranar ma na tarar da wani Bafulatani a zaure ya miƙe ƙafa yana cin wagashi, cukun nan na nono, shanunsa na can ana cinikinsu, ko a jikinsa.

Na gaya wa Kawu abin da muka rubuta a cikin ambulan. Shi ya ɗauki mahaifiyata a kafaɗa ya kai ta gidan miji, shi kuma ya sauke ta a wannan kabari. Ya ce a fito masa da babbar rigarsa ta Makka.

Washegari muka shiga motar wakilan Sokode. A nan na haɗu da Hajiya Asibi, 'yar ƙabilar Kotokoli mai sayar da atamfa, wadda Hausarta ba ta raba mace da namiji, kowa "ya" ne a wurinta, kuma bakinta ya fi wuƙata kaifi. Tun kafin Atakpame ta gama faɗa da direba a kan kujera, da mai sakwara a kan nama, da zabina a kan wari. A tsakanin faɗan kuma ta tatse ni labarin maƙabartarmu kaf. Ni dai na ɗauka mun haɗu da jaraba. Da na bi bayanta tun ranar, da yau Ladi ba ta da abin tambayata.

Otel ɗin ba zan faɗi sunansa ba, don mutanen ba su cuce mu da gangan ba. Bene ne wanda in ka ɗaga kai hularka za ta faɗi. Ƙasa sumul kamar bayan faranti, sanyi ta ko'ina ba ka ganin inda yake fitowa. Bayan teburin karɓar baƙi akwai wani wuri a bango mai kusurwa huɗu da fentinsa ya fi sauran haske, da ƙusa a sama, kowa ya san hoton da aka cire amma ba wanda ya kalli wurin sau biyu. Aka ba kowa mabuɗi da wani ɗan littafi mai sheƙi na jin daɗin mahalarta. Kawu ya ce in karanta masa. Na karanta: akwai pisin, wato tafkin wanka, akwai wurin aski da kitso, akwai filin buga ƙwallon raket, akwai wanki da guga, akwai akwatin ƙarfe na ajiyar kayan daraja, kuma ranar ƙarshe za a kai mu yawon ganin gari. Shafi takwas, ba layi ɗaya da ya ce ga yadda mutum zai yi ya sami magana a taron.

Wannan kuwa yana wani ɗan tebur a lungu kusa da ƙofar bayi, inda wata mata mai tabarau ke zaune da dogon littafi. Na ga Hajiya Asibi ta nufi can da jakarta ba ta ko karɓi mabuɗi ba, ta tambaya, ta ture mutum biyu, ta sa aka rubuta sunanta. Na ce wa Kawu ko mu ma mu leƙa. Ya dube ni kamar na ce mu ci abinci da hagu. Ya ce mutum da girmansa ba ya zuwa garin mutane ya bi layi a bakin bayi, in je in nemo masa maigidan nan.

Maigidan shi ne direkta, Musye Kwami, mutumin kudu mai kwat da ƙamshi, kuma wallahi mutumin kirki. Kawu ya yafa rigar Makka, ya gaishe shi gaisuwar abokin sana'a, ya tambayi gida da iyali da baƙi da kasuwa. Ya miƙa goro. Ni kuma na buɗe kwando don miƙa zabi, ɗaya ta fizge ta bi ta kan tebur, ta sauka a kan sumul ɗin nan ƙafarta ta kasa kamawa, ma'aikata huɗu masu farin safar hannu suka yi ta zamewa a bayanta har cikin wurin aski. Da ƙura ta lafa, Kawu ya karɓi ambulan daga hannuna, ya riƙe da hannu biyu.

"Mu baƙinka ne," ya ce. "Ba mu da uwa ba mu da uba a garin nan sai kai. Ga abin da ya kawo mu."

Na juya masa da faransanci yadda aka faɗa, ban rage ba ban ƙara ba. Musye Kwami ya rusuna ya karɓa da hannu biyu shi ma. Ya ce mu kwantar da hankalinmu, ya san abin da ake yi da irin wannan, manya da yawa sun ba shi nasu kuma ba wanda ya taɓa kuka da shi. Ya shiga ciki ya fito ya ba Kawu wani ɗan ƙarfe mai zagaye, an buga masa lamba goma sha bakwai. Kawu ya juya shi ya yi murmushi. Ya ce ka gani ko, har ya samo mana layin magana, mutumin nan ya gaji sana'ar.

Daga nan muka shiga jin daɗin mahalarta. Ɗakin nan mai hawa sama gaskiya ne, asansar suke ce masa. Kawu ya shiga sau ɗaya, ya ji cikinsa ya rage a ƙasa, ya fito ya rantse, daga ranar da ƙafa muke hawa bene na shida sau biyar a yini, ni a baya ina riƙe da gefen riga. Ɗakinmu na da gado biyu, tawul shida, sabulu ƙanana kamar alewa, madubi har uku, amma ba buta. Gida mai famfo ta ko'ina, ruwan zafi da na sanyi, an rasa butar roba guda. Da kwandon sharar roba muka yi ta alwala. Alƙibla kuwa na tambayi ma'aikata uku na sami alƙibla uku, sai da Kawu ya leƙa taga ya ga inda rana ta fito, aka gano muna ta salla muna kallon Gana.

Abinci a wani dogon tebur ake jera shi, kowa ya ɗiba da kansa, abin da a gidan Kawu zagi ne. Ni mahauci ne, ido ɗaya na yi wa kajin nan na san sun daɗe da mutuwa fiye da wasu mutanen maƙabartarmu, kuma ba wanda ya ce musu bismilla. Jirgin ruwa ya kawo su a daskare. Akwai wani nama ja-ja siriri da aka nannaɗe kamar hankici, na matso na shinshina na ja Kawu baya. Shi ya ƙare a burodi da dafaffen ƙwai da ragowar kilishi. Ni kam, kada in yi muku ƙarya, na ci kifi, na ci shinkafa, na ci wani abu mai sanyi da zaƙi da ke narkewa a baki har kofi uku, na koma na huɗu na ce na Kawu ne.

Pisin ɗin da kuke yawan tambaya, na je na gani. Ruwa shuɗi wanda zai shayar da garken Mango na mako, ba a sha, ba a wanki, ba kifi. Rikici ya kori Turawa, saura ɗaya tal, tsoho, ya kwanta a bakin ruwan da ɗan kamfai yana juya kansa a rana yadda muke juya kilishi. Wakilan Tanjuware suka jera kujeru suna kallonsa, suna musun ko rashin lafiya ce ko hukunci.

A zauren taro kuma aka yi ta magana. Teloli suka yi, masunta suka yi, direbobi suka kusa dambe. Can baya akwai wasu mutum uku masu baƙin tabarau da ba su taɓa tafawa ba, duk wanda ya miƙe sai su rubuta. A rana ta biyu aka kira lamba goma sha bakwai, Kawu ya fara gyara riga, sai wani mai gyaran agogo daga Aneho ya miƙe ya yi ta bayani a kan batir. Kawu ya ce ai kowace rana da lissafinta, tamu gobe ce.

Ni a nan na fara zargi, don na tuna layin nan na ɗan littafi mai sheƙi, na akwatin ƙarfe. Da muka hau sama na ce wa Kawu ko in je in ɗan tuntuɓi Musye Kwami. Ban taɓa ganin ransa ya ɓaci haka ba. Ya ce shekara arba'in yana saukar baƙi, mutum ɗaya ne ya taɓa bin sa da ina aka kwana, kuma a ranar ya kaɗa masa shanunsa ya ce ya nemi wani gida. So nake a ce Alhaji Bawa na Sokode bai san ladabin baƙunta ba? Na yi shiru.

Ga wurin da nake tsallakewa. Da na so, da na sauka ni kaɗai na tambaya, bene shida ne kawai. Ban sauka ba, don shirun ya yi mini daɗi. Ina tsoron masu baƙin tabaran nan. Ina tuna cewa taro zai watse, rediyo zai koma kiɗa, ni kuma zan koma Dapango inda Mai Siminti ya san ƙofar gidanmu. In Musye Kwami zai kai kukan da bakinsa, sunana bai shiga littafin kowa ba. Sai na rungumi al'adar Kawu na ɓuya a bayanta, na sauka na sha kofi na biyar.

Safiyar rana ta uku aka jera manyan motoci biyu a ƙofa don yawon ganin gari. A allon zaure kuma an rubuta cewa da safen nan za a saurari ƙorafin filaye. Wanda ya haɗa waɗannan biyu a safiya ɗaya, ko dai bai san aikinsa ba, ko kuma ya san shi ƙwarai. Wakilan arewa duk suka yi wa motocin caa, don yawancinmu ba mu taɓa ganin teku ba. Hajiya Asibi kaɗai ta tsaya a ƙofar zaure ta riƙe ƙugu.

"Salisu," ta ce, "uwarka ya kwanta can ana so a zuba masa siminti, kai za ka tafi kallon ruwa?"

Na ce an riga an shirya maganarmu ta sama. Ta dube ni, ta dubi Kawu, ta yi tsaki ta shige. Musye Kwami da kansa yana tsaye a ƙofar mota yana yi wa baƙi maraba, ya kama hannun Kawu ya taimaka masa ya hau. Kawu ya raɗa mini cewa wannan ita ce alama. Shi ma in ciniki ya kai wuya yakan aika baƙo ya je ya ci abinci, don kada ya tsaya ya ɓata magana.

Mai nuna mana gari wata budurwa ce da lasifika a hannu. Ta kai mu babbar kasuwa, tana rufe, ana yajin aiki, ta ce mu dubi kyan ƙofar. Ta kai mu iyakar Gana da ke cikin gari, ita ma a rufe, muka tsaya muka kalli sarƙa da kwaɗo, wani wakili ɗan garin Naki ya yi wa mutanen wancan gefe sallama suka amsa. In mun zo wurin da aka ƙona tayoyi ko shagon da aka fasa sai ta ce kowa ya dubi hagu. Mun dubi hagu har wuyanmu ya ƙage. Daga nan aka kai mu bakin teku, wurin wata tsohuwar gada da ta shiga ruwa ta tsaya ba ta kai ko'ina ba. Na ɗebi ruwan na ɗanɗana na tofar. Kawu ya tsaya nesa da takalminsa a hannu yana tasbihi, igiyar ruwa ta biyo shi ta jiƙa masa rigar Makka har gwiwa.

A hanyar komawa ne muka tarar samari sun datse titi da gungume, soja kuma sun datse ɗaya gefen, mu muna tsakiya. Direban nan ba shi da bajo ba shi da ganye, ya kashe mota ya kunna rediyo. Budurwar ta ce ya kashe, wakilai suka ce a bari. Sai ga muryar Hajiya Asibi, da faransancinta na kasuwa, tana surfa wa masu rabon rumfunan kasuwa zagi. Da ta gama nata ba ta zauna ba. Ta ce akwai mutanen Zangon Dapango da suka zo da maganar kaburburan iyayensu da ake so a gine, a saurare su. Shugaban zama ya ce ba sa cikin littafi, amma tunda maganar matattu ce, in suna nan da takardarsu su taso.

Ya kira Zangon Dapango. Shiru. Ya sake kira. Ina jin kujeru na motsi a cikin rediyon, wani ya yi tari. Ya kira na uku, sannan ya tambayi ko akwai wanda ya san inda suke.

"Sun tafi kallon ruwa," in ji Hajiya.

Zaure ya kwashe da dariya, kuma ƙasa duka ta ji. Ku ma kun ji, kuna zaune a ƙofar Liman kun kewaye rediyonsa kwana uku kun bar kasuwa. A cikin mota ba wanda ya yi dariya. Kawu ya ce in gaya masa abin da aka ce. Na gaya masa. Ya buɗe tafin hannunsa ya dubi ɗan ƙarfen nan, ya rufe.

Sai bayan azahar muka isa otel. Na ruga zaure na tarar ana tara kujeru, wani na naɗe wayar rediyo. An ce an ji motsin soja, manya sun rufe taro da wuri, kowa ya kama gabansa. Musye Kwami ya hango mu ya taho da fara'arsa, ya tambayi yadda muka ga teku. Kawu ya miƙa masa ƙarfen. Ya kai mu wani ɗaki a bayan tebur, ya murɗa mabuɗi biyu, ya buɗe akwatin ƙarfe mai tsayin mutum. A ciki akwai sarƙoƙin mata, da agoguna, da hoton nan da aka cire daga bango an jingine shi a tsanake cikin tawul, ko za a sake bukatarsa. Ambulanmu na sama, an sa shi a leda, an ɗaura masa lamba goma sha bakwai. Ya miƙa wa Kawu da hannu biyu yana alfahari, ya ce mu duba liƙin, ba hannun da ya taɓa shi.

Na ɗauka Kawu zai yi faɗa. Godiya ya yi. Ya ce in gaya masa ya riƙe amana, Allah ya saka. Da muka fito ne ya zauna a matakalar ƙofa, cikin jiƙaƙƙiyar rigarsa, ya ce mini shi ya ɗauka duk wanda ya ba ka ɗaki ya ba ka bakinsa. Na ce masa na yi zargin haka tun jiya kuma tsoro ya hana ni sauka. Ya ce ya sani.

Hanyar dawowa ba abin faɗi. Hajiya Asibi ba ta ce mana uffan ba har Sokode, sai dai a Atakpame ta saya wa Kawu sakwara ta ajiye masa a gwiwa. Ni na wuce Dapango ni kaɗai. Liman ya karɓi ambulan ya juya shi gaba da baya, ya ga liƙinsa yadda ya yi shi, ya mayar mini. Bai zage ni ba, kuma na fi son da ya zage ni. Mai Siminti ma ya ji rediyo. Bai ko jira ruwa ya gama ɗaukewa ba.

Bayan an gama katangar Kawu ya zo. Ya ce in kai shi. Muka tsaya ta waje, na nuna masa kan dogonyaro da ke leƙowa, na ce daga gindinsa taku huɗu ne wajen gabas. Muka ɗaga hannu muna kallon bulo. Mai gadi ya leƙo ya tambayi ko kaya muka zo ɗauka, na ce a'a, namu ajiya ce.

Yanzu a Sokode ana cewa tsufa ya ɓata Alhaji Bawa, wai ya manta ladabi. Baƙo bai gama cire takalmi ba zai tare shi da me ya kawo ka, wurin wa, yaushe ake rufewa. Watan jiya na je na gani da idona. Wani dattijo ya sauka daga Nijar da maganar shanunsa da aka tsare, ya sha ruwa, ya miƙo takarda da hannu biyu ya fara cewa kai ne uwa kai ne uba. Kawu bai karɓa ba. Ya laluɓo sandarsa ya miƙe.

"Riƙe takardarka," ya ce. "Tashi mu je tare, ka faɗa da bakinka ina tsaye."

Ambulanmu yana cikin akwatina a ƙarƙashin kayan salla, da ledarsa da lambarsa. Duk Juma'a in an sauko nakan bi ta bayan katangar in gaishe ta.